Takardar Namiji

Ranar Asabar bayan la'asar Kabtin Abdulghaffar ya tafa hannu sau biyu, ya ce kowa ya zauna a sahu. Ɗakin da yake koyar da karate yana saman wani shagon kayan gini ne a unguwar Madain Fahd ta Jidda, fanka biyu gare shi, ɗayar ma ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Samari goma sha huɗu suka durƙusa a kan shimfiɗar roba, fararen rigunansu sun manne da bayansu saboda gumi. Kabtin Bahaushen Sudan ne, dogo, mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Ya ce an tsayar da ranar gasar cibiyoyin Jidda, saura mako biyar, kuma mutum uku kawai zai kai. Na biyun da ya kira shi ne Rabi'u.

Rabi'u bai ɗaga kai ba, sai dai ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Shekara huɗu ke nan yana hawa wannan bene, tun yana da farar ɗamara har ya kai ta ruwan ƙasa. Ba shi da tsawo, ba shi da faɗin kafaɗa, amma ƙafarsa ta hagu ta fi idon mutum sauri. Bara a wata ƙaramar gasa ya kayar da mutum biyu, na ukun ya fi shi da maki ɗaya, kuma tun daga ranar Kabtin yake tsayar da shi bayan kowa ya sauka, yana gyara masa yadda yake sakin kafaɗa in zai kai naushi. Yaron da ke kusa da Rabi'u ya zungure shi da gwiwar hannu, ya ce masa da Larabci, to ɗan tsurut, sai ka ƙara cin waken ful da burodin tamis kada fanka ta ɗauke ka daga kan sikeli. Aka yi dariya. Kabtin ya ce su ukun su kawo hoto biyu-biyu da iƙama, wato takardar izinin zama, ta asali ba kwafi ba, kafin Larabar ƙarshe.

Iƙamar Rabi'u tana da labari, amma gajere ne. Mace aka haife shi, aka raɗa masa Rabi'a. Da mahaifinsa Usuman ya je sa jaririn a takarda, magatakardan da ya karɓa Balarabe ne, a wajensu kuwa Rabi'a sunan maza ne, sai ya rubuta namiji bai ko ɗago ba. Usuman bai iya karatu ba, sai bayan shekara bakwai wani ya karanta masa. A lokacin yaron ya riga ya ƙi kitso, ya ƙi ɗankwali, in an ce masa ke ba ya waiwayowa. Bayan kwana biyu Usuman ya kama hannunsa ya kai shi wajen mai aski. Daga nan bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Sauran kuwa Rabi'u ya koya wa kansa, yadda zai ɗaure ƙirjinsa da ƙyalle mai faɗi a ƙarƙashin singileti, da yadda zai sauya kaya a gida ya zo a shirye. A makaranta Rabi'u ne, a siton da yake lodin kwalaye kusa da tashar jiragen ruwa Rabi'u ne, kuma a cikin ransa ma bai taɓa samun wani ba.

Mahaifiyarsa Dela ta samo tata hanyar. Ba ta ce masa kai, ba ta ce masa ke. "An dawo?" take cewa. "A wanke hannu a ci abinci." Shekara goma sha uku tana yi wa ɗanta magana kamar mai sanarwa a gidan biki, shi kuwa ya gane iyakar abin da za ta iya ke nan, bai nemi ƙari ba.

Tun rasuwar Usuman bara suka koma unguwar Karantina, gidan yayanta Muntaka mai tsire, wanda Rabi'u ke kira Kawu. Kawu ya san komai, don ranar suna shi ya riƙe ƙafar rago. Amma shekara guda cur bai nuna damuwa ba. In tukunyar gas ta ƙare, kai Rabi'u, ɗauko wata. In motar ruwa ta tsaya a bakin lungu, kai Rabi'u, jarkoki. Mako biyu kafin maganar gasa Kawu ya karɓi iƙamar ya ce lokacin sabuntawa ya yi, zai haɗa da tasa ya ba mu'aƙƙib, mutumin da ke yi musu zirga-zirgar takardu tsakanin ofis da kafili, wato Balaraben da ya tsaya musu.

Da Rabi'u ya dawo ranar ya tarar da Kawu a tsakar gida yana soka nama a tsinke. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya gaya masa an zaɓe shi, sannan ya tambayi takardar. Hausarsa ta 'yan Jidda ce, rabi a baki rabi a Larabci, sai ya lalubo kalma kafin ya faɗa. Kawu ya ce madalla, ya ce mu'aƙƙib ba shi da lafiya, a ba shi kwana uku. Bayan kwana uku kafili ne ya tafi Ɗa'if shan iska, babu mai sa hannu. Bayan mako guda aka ce ofis ya cika da aikin bayan Hajji. Rabi'u yana fita aiki babu komai a aljihu, yana bin lunguna, in ya hango motar jawazat, jami'an shige da fice, a babban titi sai ya shiga shago ya tsaya kallon kayan da ba zai saya ba. Sauran biyun da aka zaɓa sun kai nasu. Kabtin ya ja shi gefe ya ce in akwai wata matsala ya faɗa tun da sauran lokaci. Rabi'u ya ce babu, Kawunsa na kawowa.

A gidan akwai Jabiru, ɗan Kawu na wajen matarsa ta Kano, wanda ya zo umara da azumi bai koma ba. Ya girmi Rabi'u da shekara biyu. Ba shi da takarda, ba ya jin Larabci, wuni yake a ɗaki yana murɗa rediyo yana neman tashar Hausa. Mutum ne mai barkwanci, yakan tsaya a ƙofa yana kallon Rabi'u na atisaye a saman rufi, yana cewa wannan damben 'yan China ba zai yi komai a gaban ɗan damben Fagge ba. Wata rana ya ce a gwada, kafin ya gama naɗe hannun riga ya tsinci kansa a zaune, ya tashi yana kakkaɓe wando yana cewa santsi ne. Rabi'u yana son sa. Shi ya sa bai kawo komai a ransa ba ranar da ya ga Jabiru ya yi aski, ya sa farar jallabiyarsa da Kawu ya ce a ara masa, suka fita su biyu da hantsi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ci abinci, Kawu ya ce kowa ya tsaya. Ya aiki Jabiru shago, ya sa Dela ta zauna a bakin tabarma. Ya zaro ɗan littafin iƙamar daga aljihun gaba ya ajiye a kan gwiwarsa, ya dafe da hannu. Ya fara da salati, ya yi addu'a ga mamaci, ya ce Usuman mutumin kirki ne amma yana da sanyi, ya bar abu ya girma a gidansa wanda ba a bari. Ya ce shi ya daɗe yana haƙuri, dattawan unguwa sun fara yi masa magana a bakin tukuba, har ba ya iya haɗa ido da liman. Sannan ya buɗe littafin ya juyo da shi. Sunan na nan, sunan uban na nan, ranar haihuwa na nan. Hoton na Jabiru ne, da hatimi a gefensa, cikin jallabiyar aro.

Rabi'u ya daɗe yana kallo. Da ya buɗe baki Larabci ne ya fara fitowa, sai ya haɗiye ya sake.

"Kawu, wannan tawa ce."

"Takardar namiji ce," in ji Kawu. "Karanta ki gani. Na mayar da ita hannun namiji. Me na ɗauka miki?"

Wannan ne karon farko da Kawu ya ce masa ki. Ya faɗe ta a hankali, kamar ya kwana yana gwadawa.

Rabi'u ya ce saura kwana ashirin gasa, ya ce aikinsa fa, ya ce in aka tsayar da shi a hanya me zai nuna. Kawu ya ce ai shi ya sa mace take da gida. Wa ya taɓa tsayar da mace mai lulluɓi a Karantina ya ce ta buɗe jaka? Ya ce Jabiru ɗan'uwanta ne, jininsu ɗaya, namiji da ƙarfinsa yana ruɓewa a ɗaki alhali ga takarda a hannun wadda ba ta buƙata. Ya ce kuskure ne wani ya yi da alƙalami shekara ashirin da suka wuce, shi gyara ya yi, kuma in da ana godiya a duniya da gode masa za a yi. Game da sito ya riga ya aika an ce Rabi'u ya bar aiki.

Rabi'u ya juya wajen uwarsa. Dela tana tsince wani zare a bakin zaninta. Ya kira ta, Ummi. Kawu ma ya kira ta, ya ce Dela, ki gaya mata, ke kika haife ta, ko kuwa ni kaɗai ne mugu? Ya ce in ba su yarda da tsarin gidansa ba ƙofa a buɗe take, ba ya riƙe kowa. Dela ta san ba su da inda za su je, shi ma ya san ta sani. Ta bar zaren, ba ta ɗago ba.

"Ki yi haƙuri, Rabi'a," ta ce. "Ki yi wa Kawunki biyayya."

Abin da Kawu ya yi duka bai shige shi kamar wannan ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, bai yi kuka ba, sai dai ya kasa tuna yadda ake jan numfashi har ƙasan ciki, abin da Kabtin ya fara koya masa.

Washegari aka kwashe jallabiyoyinsa uku da takalminsa aka kai ɗakin Jabiru. Kayan karate Kawu ya ce a ƙona, Dela ta naɗe su ta tura ƙarƙashin katifarta ta ce an ƙona. Ta ciro masa doguwar rigarta da gyale da tsohuwar abaya. Kwana biyu ya zauna da singileti da gajeren wando a ɗaki ya ƙi fitowa. Rana ta uku Kawu ya ce ba za a kai wa kowa abinci ɗaki ba, mai son ci ya fito da suturar da ta dace. Ya ƙara kwana ɗaya, sannan ya fito. Rigar tana harɗe masa ƙafa, gyalen yana zamewa daga askakken kansa, Dela tana bin sa tana gyarawa.

Aka hana shi hawa rufi, wai maƙwabta na gani. Sai ya koma yi a kicin, tsakanin murhu da durom ɗin ruwa, inda taku biyu ne gaba taku biyu baya. Yana tattare rigar ya ɗaure a ƙugu, yana ƙirga naushi a zuci, yana lissafin cewa yanzu a can sun gama ɗumama jiki, yanzu Kabtin ya haɗa su biyu-biyu, yanzu wanda suke haɗuwa da shi yana tsaye babu abokin yi. Wata rana ƙafarsa ta taɓa murfin tukunya ya faɗi da ƙara. Kawu ya leƙo ya ce ashe aljanun ba su fita ba, ya sa aka kawo rubutu a kwalba, ya tsaya a kansa har ya shanye.

Matan lungu suka fara shigowa wajen Dela da sunan aron turmi ko gaisuwa. Suna kallonsa ta gefen ido suna cewa kai madalla, an dawo hanya, Malam Muntaka ya yi jihadi. Wata tsohuwa ta kama haɓarsa ta juya ta ce ashe ma kyakkyawa ce, in gashi ya fito shi ke nan. Ya tsaya kamar itace har ta sake shi.

Sai Kawu ya zo da wani aikin. Ya ce tunda takarda ta nuna a Jidda aka haifi mai ita, dole Jabiru ya iya amsa tambaya, kuma babu wanda ya san amsoshin kamar Rabi'a. Kullum da hantsi a zaunar da su a tsakar gida. Rabi'u zai tambaya da Larabci kamar ɗan sanda, Jabiru ya amsa. Menene sunanka? Rabi'a Usuman. A ina aka haife ka? Wace makaranta ka yi? Wanene kafilinka? Jabiru yana karya kalmomin, yana mayar da kha ta zama ka, yana dariyar kansa, in ya kalli fuskar mai tambayar sai dariyar ta mutu. Rabi'u bai taɓa rage masa komai ba. Ya koya masa sunan titin da suka zauna a Madain Fahd, da sunan kakansa na wajen uba, da shekarar da Usuman ya rasu. Yana jin bakin wani yana cewa ubana ya rasu bara, yana gyara masa lafazi.

Wata rana da Kawu ya fita, Jabiru ya matso ya rage murya. Ya ce wallahi shi bai san haka za a yi ba, ce masa aka yi an samo takardar wani da ya koma gida, sai a wajen mai hoto ya ji sunan. Ya zaro littafin ya miƙa.

"Ka karɓa ranar wasan naku," ya ce. "Ka je ka doke su ka dawo mini da ita. Wa zai sani?"

Rabi'u ya buɗe ya kalli hoton, ya kalli Jabiru mai dogon wuya da wushirya, ya mayar masa. Ya ce ba ta da amfani a hannunsa yanzu. Ya so ya yi fushi da shi, ya kasa, don a duk gidan Jabiru kaɗai ne ya rage mai ce masa ka.

Kawu ya samar wa Jabiru aikin wankin mota a wata unguwa can arewa. Ya yi kwana uku yana zuwa yana dawowa, har ya fara tafiya a tsakiyar titi. Rana ta huɗu aka tsayar da motar da yake ciki a shingen bincike. Ya miƙa takarda da ƙarfin gwiwa, ya amsa suna, ya amsa wajen haihuwa. Sai jami'in ya yi murmushi ya ce ashe ɗan gari ne, ya ɗan yi masa wasa da Larabcin Hijaz, ya tambaye shi wace ƙungiyar ƙwallo yake bi. Wannan ba ta cikin darasi. Jabiru ya sake faɗin sunan kafili. Aka ce ya sauko.

Wani maƙwabci da ke kai wa ƙaninsa abinci a tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, shi ya kawo labarin bayan kwana biyu. Ya ce an ƙwace littafin an soke shi. An matsa wa yaron ya faɗi wanda ya yi masa, ya ƙi, ya dage shi ne Rabi'a Usuman don kada a zo a kama ubansa, da wannan sunan aka rubuta shi cikin masu jiran jirgin Kano.

Kawu ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Da ya ɗago, Rabi'u ya fara nema. Ya ce da gangan ta yi, ta koya masa rabi ta ɓoye rabi, baƙin ciki ne irin na mata. Ya ce tun da aka haife ta ba ta jawo wa dangi komai ba sai abin magana. Dela ta ce Yaya, ita fa yanzu ba ta da ko ɗaya, ba ta namiji ba ta mace. Kawu ya ce wannan kuma ƙaddara ce, shi ɗansa yake ji.

Kwana biyu gidan ya cika da masu jaje. Maza a zaure, mata a tsakar gida, kowa na cewa Allah ya sa iyakar abin ke nan, Allah ya mayar da alheri, yaro mai hankali. Rabi'u ne ke dafa shayin, shi ke wanke kofuna. Babu wanda ya yi masa jaje, don a ganinsu bai rasa komai ba.

Ranar Talata, ana gobe rufe karɓar takardu, wajen ƙarfe sha ɗaya aka yi sallama a ƙofa. Rabi'u yana kicin, tun daga sallamar ya gane muryar, cokalin hannunsa ya faɗi cikin tukunya. Kawu ya shigar da baƙon zaure. Tsakanin zauren da tsakar gida labule ne kawai, Rabi'u ya zo ya tsaya a bayansa.

Kabtin Abdulghaffar ya ce ya sha wahala kafin ya gano gidan, tsohon gidansu ya fara zuwa, daga can aka tura shi sito, daga sito wani direba ya kwatanta masa mai tsire. Ya ce mako biyu da rabi bai ga Rabi'u ba, kuma yaron bai taɓa fashin kwana ɗaya ba ko da zazzaɓi. Ya ce ya fahimci maganar takarda ce, ya je ya samu masu shirya gasar, ya tsaya masa da sunansa, sun yarda. In Rabi'u ya zo da kansa gobe suka gan shi, za su karɓi tsohon kwafin da ke fayil ɗinsa na bara. Ba a buƙatar komai sai shi.

Rabi'u ya kai hannu ga labulen. Kayan suna ƙarƙashin katifa, ɗamarar na ciki. Taku ɗaya ne. Sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu. Dela ce, ta zo ba ta yi motsi ba, idonta ya cika, tana girgiza kai. In ya fita, sai an tambayi wanene ke tarhil da sunansa, sai an tambayi wa ya sauya hoto, kuma daga nan har ita. Hannunta ba shi da ƙarfin da zai riƙe shi, ya san hanya uku ta zare irin wannan riƙo. Ya tsaya.

A zaure Kawu ya yi gyaran murya.

"Ai Malam ka makara," ya ce. "Rabi'u yana tarhil. An kama shi ranar Laraba, an soke takardarsa, jirgi kawai suke jira. Je ka tambaya, sunansa na nan a rubuce."

Kabtin ya yi salati a hankali. Ya ce yaron nan bai taɓa ganin Najeriya ba, ko Hausar kirki ba ya yi, wa ya sani a can? Kawu ya ce akwai dangi, Allah ba ya barin bawansa. Kabtin ya ce shekara ashirin da biyu yana koyarwa, bai taɓa samun wanda ke sauraro kamarsa ba, in ka gyara masa abu sau ɗaya ya gyaru ke nan. Kawu ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Dela ta zuba ruwan sanyi a kofi ta ɗora a faranti. Rabi'u ya karɓa. Ya ja gyalen ya rufe fuska, ya tsaya a bayan labule ya miƙa farantin ta gefe, yadda matan gida ke yi wa baƙo namiji. Hannunsa kaɗai ya fita.

Kabtin ya miƙo nasa zai ɗauki kofin, sai ya tsaya. Gaɓoɓi biyun farko na hannun da ke riƙe da farantin sun yi kanta, baƙi ƙirin, sun bambanta da sauran, irin kantar da ba ta fitowa a wanke-wanke ko daka. Shi ya san katakon da ke yin ta, shi ya kafa shi a bango da hannunsa. Farantin bai yi rawa ba. Ta ramin saƙar labulen Rabi'u yana ganin gefen fuskarsa, yana ganin idon ya tsaya a kan hannun, ya hau zuwa bakin hannun riga mai furanni, ya sake saukowa. Kawu ya ce 'yar ƙanwarsa ce, ba ta da lafiya sosai.

Kabtin ya ɗauki kofin. Ya sunkuyar da kai ya kawar da ido, yadda mutumin kirki ke yi a gaban matar da ba muharramarsa ba.

"Na gode, 'yata," ya ce. "Allah ya ba ki lafiya."

Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya yi sallama. Rabi'u ya ji takunsa a lungu, ya ji ya tsaya a wajen kwana na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Kawu ya shigo yana gyara hula, ya ce to an rabu lafiya, rufin asirin kowa ke nan, ya tambaya ko abinci ya nuna. Bai ji ya yi ƙarya ba, don duk abin da ya faɗa yana nan a rubuce da hatimi. Ranar Alhamis aka yi gasa, wani ya shiga a gurbin na biyu. Ranar Lahadi jirgi ya tashi da Rabi'a Usuman, namiji, haifaffen Jidda, kuma a littafin hukuma an rufe shafinsa. Wanda ya rage a gidan mai tsire ba a rubuta shigowarsa ba, ba za a rubuta fitarsa ba. Ba zai iya neman aiki ba, ba zai iya zuwa asibiti ba, ba zai iya ƙetare babban titi ba. Shekararsa ashirin. Kawu yana cin tuwon da ya tuƙa safe da yamma, kuma har yau in aka zauna a bakin tukuba yakan ce, cikin abubuwan da yake fatan Allah ya karɓa masa, akwai yarinyar nan da ya gyara.